Ranar da Aka Zo Ɗaukar Ofishinmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar buɗe ofishin ƙungiyarmu ba, ko na so ma mutanen Tsiga ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin ni ne sakataren ƙungiyar manoman rani, zaɓe ya matso, ni kuwa tazarce nake nema ruwa a jallo. Sai ga injinan ban ruwan da muka sayo daga waje sun iso cikin wata zungureriyar kwantena, aka dire mana ita a bakin hanya. Shugabanmu Alhaji Mamman ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce ai ga ofis nan Allah ya kawo mana har gida. Da bakinsa ya faɗa, a gaban jama'a (ku riƙe wannan).

Ni kuma uban 'yan zaƙewa na ɗauko mai walda daga Funtua, ya fasa mata ƙofa da taga, aka shafa koren fenti, aka rubuta sunan ƙungiya ɓaro-ɓaro. Ban tsaya nan ba. Na bi sunan da ke jikinta a waya, ashe ta wani kamfanin jiragen ruwa ce na Japan. Na haddace tarihinsa kamar zan yi jarrabawa: yadda suka fara da jigila tsakanin tsibiransu, suka miƙa Sin da Indiya, suka kai Turai, yaƙi ya cinye musu jirage, suka sake tashi har suka iso gaɓar Afirka (ni da ban taɓa ganin teku ba, iyakata madatsar ruwa).

Ranar buɗewa na sha babbar riga, na tsaya a ƙofar ina zuba, ana ta tafi. Na ce sirrin mutanen nan shi ne tsari, duk inda kayansu ya je a duniya sai ya koma hannunsu, ko allura ba ta ɓace musu.

Sai wani mutum da ya faka tirela tun ɗazu ya ɗaga hannu daga baya.

"Gaskiya ne Malam, shi ya sa aka aiko ni. Kun gama sauke kayan? Kwantenar zan mayar."

Na waiga wajen Alhaji Mamman ko zai ce wani abu, sai ya gyara hula ya ce, "Ai dama na faɗa wa yaron nan ya yi bincike tukuna."

Yaron nan! Ni da furfurata. Wallahi wannan ta fi komai ƙona mini rai. Waɗanda suka gama tafa mini su ne suka fara dariya, wasu har da riƙe ciki.

Direba ya rantse ba zai ɗauke ta da ƙofa da taga ba. Haka aka sake kiran mai walda, ni nake riƙe masa ƙarfe cikin babbar rigata, yana toshe abin da na sa shi ya fasa. Zaɓe kuwa ko ƙanena bai ɗaga mini hannu ba, sai sunan Malam Japan da na tsira da shi.

Da na koma gida ina huci, uwargida ta saurare ni tsaf, sannan ta tambaye ni ko na taɓa ganin an aiko mana da tuwo mun riƙe kwanon. Na haddace tarihin kamfani kaf, abin da kowace mace a Tsiga ta sani ne ya kayar da ni: in an kawo maka abinci ka ci, kwano na masu shi ne.