Akuyar da Na Kora a Walima

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren 'yar ƙanwata a Kinkinau ba, ko na so in manta ma dangi ba za su bari ba.

Lokacin ina fama da rabuwa da ƙwayar barci. Na daɗe ina sayenta a kemis, in haɗiya in zube kamar buhun masara, in tashi kaina ya yi nauyi. Da likita ya fara rage mini ita sai ya ce, "Hajiya, barci hawa-hawa ne. Akwai mai sauƙi, akwai mai nauyi, akwai na mafarki. Ƙwayar nan na mafarkin take dannewa. In kin rage, ƙwaƙwalwa za ta yi ramuwa, kamar mai ramuwar azumi." Na ce to (a raina kuwa na ce yaron nan ya cika surutu).

Ranar walima aka zaunar da ni a sahun gaba, wai ni ce babbar uwa. Malama na wa'azi a kan haƙuri, fanka na kaɗawa, ga gajiyar biki. Sai kawai na ga wata ƙatuwar akuya ta shigo ta tsoma kai cikin kular waina, kowa ya zuba mata ido. Raina ya ɓaci. Na miƙe na nuna ta, na ɗaga murya: "Wai ba mai korar akuyar nan ne?"

Ina buɗe ido na ga yatsana a saitin uwar ango, shigowarta ke nan cikin leshi, tawagarta na biye.

Innalillahi! Malama ta sauke makirfo. Amarya ta fashe da kuka a cikin mayafi, don gidan matar nan za a kai ta. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Da na koma gida har na ɗauko kwalin ƙwayar, na ce gara barcin gawa da wannan abin kunya. Na daɗe ina juya shi, sannan na mayar. Washegari na tafi Unguwar Dosa, na durƙusa gaban uwar ango na kwashe komai na faɗa mata, har da ramuwar.

Ta yi dariya har da hawaye. Can sai ta leƙa ƙofa, ta rage murya: "Yaya, wane likita ne? Ni ma rabona da mafarki tun rasuwar Alhaji, da na fara shan ta."

Yanzu tare muke zuwa asibiti, amarya kuwa ta zama 'yar lele a gidan. In uwar angon ta kira ni a waya, sallamarta ɗaya ce: "Akuyarki ce, jiya na yi mafarki!"

Ƙwaya dai mun rabu, alhamdulillahi. Amma duk taron da na je, can baya nake zama, kuma hannuna a cikin hijabi.