Allo Biyu a Gidan Inna Yalwa

Na rantse ko da kwano na zuba muku wannan labari ba za ku iya haɗiye shi ba, amma ba ruwana, tunda a kaina ya ƙare. Ni ne Ilu, wanda duk Rafin Tsamiya ke kira Injiniya. A aji huɗu na sakandare na bar makaranta, ba don karatu ya gagare ni ba, sai don na lura malaman sun fara maimaita abin da na riga na sani. Ina da rumfar cajin waya a bakin tasha, da wata tsohuwar kwamfuta da sai an mare ta a gefe take farkawa.

Can bayan masallacin Juma'a gidan Inna Yalwa yake. 'Ya'yanta uku: tagwaye, Hassana da Usaina, sai Gambo mai bi musu. Tagwayen nan kamar an tsaga kara. Aure ya kai Hassana Fatakwal, ya kai Usaina Yamai, aka bar Inna da Gambo da awaki. Gambo magidancin mutum ne da gemunsa, ga ƙarfin noma, sai dai in ka ba shi magana, yadda ka miƙa masa ita haka zai riƙe, ba ƙari ba ragi. Tun yana rarrafe Inna ta dasa masa doka guda: abin da aka yi wa ɗaya cikin tagwaye, a yi wa ɗayar. Kowa ya san fushin 'yan biyu, kunama yake turowa.

To da wata ƙaramar Salla aka haɗa su su uku a wayar Gambo don su gaisa. Waya ta baje Hassana ta cika fuska, ta maƙale Usaina a lungu kamar kan sarki. Hassana ta yi dariya, Usaina ta kashe wayarta. Tun daga ranar ba su ƙara ce wa juna uffan ba, kuma kowacce ta rantse ba ta taka garin nan in ɗayar za ta zo. Inna ta shiga rama. Duk Salla sai ta sayi atamfa iri ɗaya turmi biyu ta jera a akwati, ba mai ɗinkawa. Ga yanar ido ta fara rufe mata gani. Abin da take roƙo bai wuce ɗaya ba: ta gan su gefe da gefe kafin hasken ya tafi. Mijin Usaina, da yake ma'aikacin ofis ne, shi ya kawo shawarar a sayi kwamfutar tebur mai ɗaukar allo biyu, kowacce da nata, girma ɗaya. Kowacce ta aiko da kasonta daban, ba tare da ta tambayi ɗayar ba.

Wata rana Usaina ta kira Gambo ta ce kada ya kuskura ya sayi komai sai ya tambayi wanda ya sani. Gambo ya saɓa hula ya fita. Ya tsayar da mai nama ya ce, “Ka sani?” Mai nama ya ce ya san me? Gambo ya ce shi dai ba a gaya masa ba. Ya tambayi ladan, ladan ya ce Allah ne masani. Ya tambayi malamin asibiti, ya tambayi direbobin tasha, kowa na kaucewa, don mutanen garinmu akwai tsoron ɗaukar alhaki. Da ya iso rumfata ko gama tambayar bai yi ba na ce masa na sani. Ya sauke ajiyar zuciya ya zauna a benci, ya ce tun safe ni yake nema ashe.

Wata rana na tura shi birni, na ba shi shawarar da ko a jami'a iyakarta ke nan. Na ce ya bar kallon ƙyalƙyalin gaba, ya juya akwatin kwamfutar ya duba bayanta, in ba ta da kafa biyu ta saka wayar allo, kada ya saya. Gambo ya shiga wani babban shago ya bi kwamfutocin nan ɗaya bayan ɗaya yana juya musu ƙeya, har shagon ya koma kamar ajin da aka sa yara fuskantar bango. Mai shago ya biyo shi yana ta bayani, ga ta nan, ga ta nan, wannan ma har allo uku take ɗauka. Gambo ya girgiza kai. Ya dawo hannu rabbana, ya ce mini duk ya duba, ba mai kafa biyu, kowacce ramuka ne birjik a bayanta kamar gidan tururuwa.

“Ni kuwa yayyena biyu ne,” in ji shi. “Sauran ramukan wa zai shiga?”

Nan ne Shaiɗan ya zauna kusa da ni a benci. Na ce wa Gambo ya sayo alluna kawai, akwatin ya bar mini, ni zan nemo mai kafa daidai da gidansu.

Wata rana ya je ya sayo allunan, sababbi ful, iri ɗaya. Da zai fita Inna ta ja masa kunne kada ya fifita ɗaya a kan ɗaya. Ɗan acaɓa ya ce a ɗora wannan bisa wancan a ɗaure, Gambo ya ce ba a hau kan kowa ba. Ya rungumo ɗaya a hammatar dama, ɗaya a ta hagu, ya tako tun daga tasha, yara na bin sa. Sai a ƙofar zaure magana ta tsaya. Ƙofar ba ta ɗaukar su a jere, in kuma ya karkata dole ɗaya ta riga shiga. Ya tsaya cikin rana gumi na zuba, ana ta ba shi baki, ya ƙi. Daga ƙarshe ya zagaya bayan gida, ya sa ƙafa ya kwantar da dangar kara, ya shiga da su kafaɗa da kafaɗa. Awaki suka bi ta nan suka fice, aka wuni ana kamo su a gonar maƙwabta. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta shafa allunan nan da tafin hannu, wannan sannan wancan, ta koma ta fara da wancan sannan wannan.

Ni kuwa na shiga birni da abin da aka damƙa mini, na sayo akwati sabo dal mai kafar allo biyu na gaske, na kai shi rumfata na girke. Tsohuwata mai kafa ɗaya tal na goge ta da man gyaɗa har ta yi sheƙi, na haɗa mata wata 'yar waya mai reshe biyu. Wanda bai sani ba ya sani: ita wannan waya ba ta raba aiki, hoto ɗaya take kwafa ta watsa wa allo biyu. Na ce a raina, mutanen da uwarsu ma sai ta duba da kyau, wa zai gane? Ku faɗi gaskiya, wanda ya gama aji shida zai iya wannan lissafi?

Wata rana na je na haɗa kaya a ɗakin Inna, aka jona da batirin sola, na kira Hassana. Sai ga ta a dama, ga ta a hagu. Inna ta matso har hancinta na neman taɓa gilashi. Ta gaida ta dama da Hassana, ta juya ta gaida ta hagu da Usaina, ta tambaye ta yara da maigida. Hassana ta ɗauka 'yar'uwarta na kan wani layin tana jin su ta ƙi tankawa, sai ta murguɗa baki, allo biyu suka murguɗa tare. Na yi maza na ce na'ura ce, murya ɗaya take fitarwa don kada a yi hayaniya. Inna ta ce ai tun suna ciki tare suke motsi. Da zan tafi na ja Gambo zaure na nuna masa inda zai danna, na ce Hassana kaɗai zai riƙa kira, sauran aikin na kwamfuta ne, kuma kada ya gaya wa kowa a garin nan.

Daga nan kullum bayan la'asar Inna takan yi wanka, ta sa kwalli a idon da ba ya gani sosai, ta zauna gaban tebur. Takan ɗauko atamfofin nan ta ɗaga wa kowane allo nasa. Ta hagu ta fi yi wa hira, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Sau ɗaya na leƙa na tarar tana ce mata ko ba za ta amsa ba ba komai, ta dai zauna a gan ta. Ban daɗe ba a ranar, na ce ina da wayoyin mutane a caji.

Wata rana Gambo ya zauna ya auna maganata. An ce kada ya gaya wa kowa a garin nan. Yamai kuwa ba garin nan ba ce. Ga shi kuma kullum ana kiran Yaya Hassana, abin da aka yi wa ɗaya ba a yi wa ɗaya ba. Ya ɗauki wayarsa ya kira Usaina, ya yi mata albishir cewa kullum tana fitowa a allon hagu, Inna na ta yi mata hira, har ita Usainar ta yi ƙiba. Usaina ta ce ita da ko sau ɗaya ba a kira ta ba? Gambo ya ce ai ba sai an kira ta ba, Injiniya ya ce Yaya Hassana ta isa su biyu.

An ce Usaina ko mayafi ba ta gyara ba ta danna lambar da ta rantse ba za ta ƙara dannawa ba. Ta fara da zagi, wai an cinye mata allo. Hassana ta rama, wai ita Usainar ce kullum ake gaishe ta tana shan ƙamshi. Suna cikin haka lissafi ya ƙi fita, sai suka ambaci sunana tare. Gambo dai aka bar shi da murna, yana gaya wa awaki an shirya.

Wata rana ina rumfa, sabuwar kwamfuta na ta aiki kamar ruwa, sai motar birni ta tsaya, mace ta sauko ta ƙofar gaba, ta kuma saukowa ta ƙofar baya. Na murza ido. Ban taɓa sanin hoto ɗaya a wuri biyu abin tsoro ba ne sai ranar. Ba su ɗaga murya ba. Hassana ta ce, “Injiniya, sannu da aiki.” Usaina ta ce in cire wayoyin a hankali kada kayan Inna su ƙuje. Suka ɗora mini akwatin a ka, suka sa ni gaba tun daga tasha, direbobin da suka ce ba su sani ba suna ta yi mini Allah ya ƙara ilimi. Ta wajen dangar da Gambo ya kwantar muka shiga, don ya tare ƙofar zaure ya ce ba mai riga wata.

Inna na zaune kan tabarma. Ba ta tashi ba, ta miƙa hannu biyu kawai, kowacce ta kama ɗaya. Ta shafa fuskar wannan, ta shafa ta waccan, ta daɗe tana yi. Ni ina tsaye da kaya a ka, ba wanda ya ce in sauke. Na ga dai gara in yi magana, na ce Inna a yi haƙuri, kuskuren na'ura ne.

“Ilu, tun ranar farko na sani,” in ji ta. “Usaina in za ta yi dariya sai ta rufe baki. Na ga ba ta rufe ba.”

Usaina ta tambaye ta to don me take ta yi wa allo hira. Inna ta ce wanda ya rasa mutum ai ko inuwarsa ya samu ya gaisa da ita. Usaina ta sa hannu ta rufe baki, amma ba dariya take yi ba.

Hukuncina a nan tsakar gida aka yanke. Sabon akwati ya zauna gidan Inna, ni zan haɗa shi yadda ya kamata, kowacce da allonta, kuma duk la'asar in rufe rumfa in zo in kira su biyun da hannuna. Dangar ma ni zan tayar. Na sauke kaya na durƙusa ina ɗaure kara, Gambo ya tsuguna kusa da ni ya ce shi fa bai ga laifina ba, an ce a kawo wa Inna su biyu gefe da gefe, ga su kuwa. Na ce ai dama haka na tsara. Sannan na ɗauko takalmina na kakkaɓe shi da kyau saboda kunama kafin in sa ƙafa, na dama da na hagu, don fushin bana na mutum biyu ne.