Mangwaron Yamai a Gonar Tudu

"Lale, maigida, sannu da hanya. Gawa nawa ka ɗauko muna bana?"

Da wannan gaisuwa tsohuwa Dijatu ta tari jikanta Zaidu, tun bai sauke kwalin da ke kansa ba. Tana zaune bakin ɗakinta a ƙauyensu na ƙasar Kurfai, arewa da Filinge, ta miƙe ƙafafu tana ɓarar gujiya. Shi kuwa daga Yamai yake, inda yake cin rani yana aikin ban-ruwa a wata garka ta bakin kogin Isa. A cikin kwalin akwai dashen mangwaro shida, kowanne a baƙar ledarsa, kore shar.

Karo na uku ke nan yana wannan dako. Ubansa Isufu ya rasu tun Zaidu yana ɗan shekara shida, ya bar masa gona a gangaren tudu. Iska ta yi ta kwashe yashin har rabin gonar ya koma fako, ko ƙarangiya sai ta yi shawara kafin ta fito. Baba Garba, ƙanen marigayin, ya riga ya yanke magana: in damina ta wuce bana babu wani abu mai rai tsaye a gonar, zai bar masu kamiyo, manyan motocin kaya, su haƙe ta su kwashi tsakuwa. Zaidu kuwa ya rantse ba za a mai da gonar ubansa rami yana da rai ba.

"Amarya, ko ruwa ba ki ba ni ba kin soma ambaton gawa," in ji Zaidu. "Haka ake tarbon miji a Kurfai?"

"Mijin da ke zuwa da abinci ake ba ruwa. Kai ko sana'arka jana'iza. Bara mun binne huɗu, bara waccan biyar. Na ce ko in sa a kira liman tun da sauran rana."

"Waɗanga ba irin na bara ba ne. Masu aure ne. Shekara uku su soma ɗiya, ki samu abin tsotsa, tunda haƙora sun yi miki ƙaura."

"Haƙorana suna nan inda hankalinka ya tahi, in ka je ka gaishe su. Masu aure ko? To ka raba su da dangi ka kawo su inda ko zawarawa ba su zama."

Zaidu ya ajiye kwalin a inuwar rumbu, ya ɗebo ruwa a randa. Maimakon ya sha, sai ya soma yayyafa wa dashen. Dijatu ta bi shi da kallo, ta taɓe baki.

"Dubi wanga. Ya yini cikin mota, maƙoshi ya bushe, amma icce ya fara ba. Kai Zaidu, zo nan in tambaye ka. A ina ka gan su suna zaune can Yamai?"

"Bakin ruwa."

"Ƙafafunsu a ina?"

"Cikin laima."

"To gonar tudu ina laimarta? Gaba arba'in ake yi kafin a ga ruwa a can. Ka taɓa ganin an kai agwagwa kiwo bisa dutsi?"

"Agwagwa ba ta da ni. Ni zan ɗora bido huɗu, manyan jarkunan ruwa, bisa amalanke safe da marece. Bara sau ɗaya nike zuwa, shi ya sa sunka mutu."

"Bara jakin ya kusa riga su. Har yau in ya ga bido sai ya juya baya ya kama kuka."

"Jakinki ne, halinki ya ɗauko. Ku biyu ba mai son aiki, sai cin dawo da tsegumi."

"Ni? Ni da na yi noma a tudun can kana cikin tunanin Allah? Saurara ka ji, ɗan lakwal mai taƙama da boko. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Dubi ganyen mangwaron nan naka, faɗi kamar tafin hannun mai roƙo. Rana ta buɗe ido sau ɗaya ta tsotse shi. Je ka dubi aduwa a tudu, ganyenta ƙanana, ta lulluɓe kanta da ƙaya don kada akuya ta yi mata rashin kunya. Anza fa, ganyenta kamar fatar takalmi, ta shekara ba ta roƙi kowa ruwa ba. Goruba ta fi su wayo, ta sauka cikin kwarin dallol inda ruwa ke kusa ta yi zamanta. Ka taɓa ganin ta hau tudu yawon buɗe ido?"

"Ashe mushe, malamin lakwal, nike aure ban sani ba. Saura ki sa tabarau ki riƙe alli."

"Da na riƙe alli da kai ne na ƙarshe a aji. Ko gaiwa ta fi ka sanin inda take. Tabki ya ƙafe, ta naɗe cikin laka ta yi barcinta har damina. Raƙumi ya san ƙasarsu ba rijiya, ya ɗauki guzuri a tozo. Kai kaɗai Allah ya yi da za ka ce wa tudu ya koma gulbi."

"Sai ya koma. In bido huɗu bai isa ba in yi takwas. In jakin ya ƙi in ɗaura ki a amalanken, dama kin fi shi taurin kai."

"Ɗaura ni. Mu isa can in zauna in yi kallon kana shayar da fako kamar mai zuba ruwa a kwando."

Zaidu ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Maganar ta sosa masa inda ke ciwo, don ya tuna yadda ƙasar ke shanye bido guda kafin ya juya. Ya zauna kan turmi, ya ɗebi gujiyarta ba tare da izini ba, ya ce, "Kaka, ki yi ta zolaya. Ni dai ba ni barin Baba Garba ya kawo kamiyo. Abin da ya rage mini na babana ke nan. Ko hotonsa ba ni da shi."

Dijatu ta ci gaba da ɓarar gujiyarta. Isufu ɗanta ne na fari, kuma irin matan da ne masu alkunya. Tun yana raye ba ta taɓa kama sunansa ba, bayan ya rasu ma ba a taɓa jin ta yi hirarsa ba. In dole ta kama, sai ta ce "mai gonar". Ta kaɗe ɓawon gujiya daga zanenta, ta ce, "Sauke hannunka daga kwanona, ɓarawon miji. Yaushe za a kai gawarwakin?"

"Gobe da asuba. Sai na fara sassabe tukuna. Waɗancan ƴan banzan tohon sun sake fitowa, na hango su daga mota."

"Wane toho? Ba ka ce ba abin da ke fita a gonar ba?"

"Abin kirki nike nufi. Wannan tohon gawo ne, ƙaya zalla. Na sare da gatari, na ƙona da kara, bara har na haƙa na gaji ban ga ƙarshen saiwar ba. In na juya baya sai su leƙo. Manomin kirki ba ya barin gonarsa da ƙazanta mutane su yi da shi. Su bakwai, masu taurin kai kamar ke bakwai."

Hannun tsohuwar ya tsaya cikin kwano.

"Bakwai?"

"Bakwai."

"A warwatse ko a jere?"

"A jere, daga gabas sun miƙe yamma. Mi ya faru? Kin ga aljani?"

"Tsakanin kowane da ɗan'uwansa taki goma sha biyu?"

Zaidu ya daina tauna. Ya auna wurin da ƙafarsa ba sau ɗaya ba, don a tsakankaninsu yake haƙa ramukan mangwaro. Ya ce, "Kin yi shekara goma ba ki hau tudun ba saboda gwiwa. Wa ya gaya miki?"

Dijatu ta juya fuska wajen danga, ta yi ta kallon awakinta kamar yau ta fara ganin su. Da ta buɗe baki, muryar ta yi ƙasa.

"Icce ba ya yin sahu da kansa, wawa. Mai gonar ne. Shekarar da anka haife ka ya zo nan ya share mini garken awaki. Ƙwayar gawo ba ta tsira da daɗi sai ta bi ta cikin akuya, shi ya sa ya kwashi kashin a buhu ya hau da shi. Na ce masa mahaukaci, kamar yadda nike ce maka. Ya ce yaron in ya girma ya samu inda zai ajiye gorar ruwa. Sun kai tsawon mutum biyu. Bayan ya tahi, shekarar da dabbobi sunka rasa ci, anka sare su har ƙasa anka ba shanu. Ni na ɗauka sun bi shi."

Zaidu ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a ƙeya. Shekara uku yana ɗaukar icce daga Yamai don ya raya gonar ubansa, ashe da hannunsa yake sare abin da uban ya shuka masa. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe shi.

"Don mi ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Don mi ba ka taɓa tambayar abin da kake sara ba?" Ta ja gefen kallabi ta goge ido, ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba. "Kai ka ce taurin kai. Ba taurin kai ba ne, ƙafa gare su. Shekara ashirin da biyar saiwar nan tana nutsewa, ta riga ta iske ruwan da bidonka ke nema. Gawo ya san zaman ƙasar ga. Da damina, kowa na rawar ganye, shi ya kaɗe nasa ya bar hatsi ya sha rana. Da rani, kowa ya yi tsirara, shi ya sa riga, dabbobi su taru ƙarƙashinsa su bar maka taki. Iska ta kawo yashi ya tare. Wanne cikin ƴan gayun nan naka zai yi maka haka?"

"In na bar su za su tashi kafin Baba Garba ya zo dubawa?"

"In ka bar su duka za su yi ta faɗa kamar ƴan gado. Kowane kututture ka zaɓi biyu masu ƙarfi, ka rage sauran, ka aske musu ƙasa, ka yi musu shinge da ƙayar da ka yanke. Saiwa ta tsufa, abinci gare ta. Kafin a yanke hatsi sun kai maka ƙugu. Garba kuwa ka bar ni da shi, ni na yaye shi."

Zaidu ya miƙe, ya zaga kwalin sau ɗaya, ya dawo. Ya so ya rama ko da kalma guda, don bai saba barin ta da ta ƙarshe ba.

"To, mushe, waɗanga baƙin fa? In mai da su Yamai da ƙafa?"

"Zaga bayan ɗakina inda nike alwala da wanke-wanke. Shekara hamsin wurin bai bushe ba, har kwaɗi sun yi unguwa. Ka dasa biyu nan. Sauran ka kai wa maƙwabciyarmu Delu garkarta cikin dallol, ta ba ka albasa. Kowa ya koma inda anka san shi."

"Ashe dama wayo kike yi mangwaron ya dawo bakin ƙofarki. Na ce wannan wa'azi ba banza ba."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Ka ga laifina? Miji bai bar mini haƙori ba, ya hana ni abin tsotsa kuma?"

"Na sallama, amarya. Kin kayar da ni, har da jakin."

"Ba ni na kayar da kai ba. Tsaya."

Ta kwance kallabinta, na tsohuwar atamfa da ta koɗe, ta nemi bakinsa da dasashi ta kasa, ta miƙa masa ya fara yagewa. Sannan ta karɓa ta tsaga shi gida bakwai, tana ƙirgawa a hankali.

"Ka ɗaura wa kowane ɗaya, don mai yawo da gatari ya san suna da mai su. Har da kai."

"Yau amarya ta tuɓe kallabi saboda ni. Bari in kira mutane su ga furfura."

"Kira su. Su ga furfurar da ta fi lakwal ɗinka."

Zaidu ya cusa tsummokaran a aljihu, ya ɗauki ƴar wuƙa daga jikin danga, ya bar gatarin a jingine inda yake. Ya nufi ƙofa ba tare da ya jira asuba ba. Har ya sa ƙafa waje ta kira shi.

"Maigida."

"Na'am."

"In ka isa, ka fara da na gabas." Ta mai da ido kan gujiyarta. "Shi Isufu ya fara shukawa."