Injiniya Ba-Baya da Motar Sajan Philip

Duk wanda ya ce sojoji kawai Zuru take haifa, bai taɓa biyawa ta layin makanikai na Rikoto ba. A can Allah Ya ajiye mana Injiniya Maharazu, mutumin da ya je Kaduna kwas na kwana huɗu ya dawo da ilimin da ya fi ƙarfin gari. Kafin tafiyar, mai gyaran salansa ne, baƙin mai har kunne. Da ya dawo sai ga farar riga irin ta likitoci, biro uku a aljihu, da gilashin da lafiyayyen ido ke zaune a bayansa.

Abin da ya fi komai daraja a rumfarsa shi ne akwatin taf. Taf dai ɗan ƙarfe ne mai haƙora da ake murɗawa cikin rami a yanka sabuwar tireda idan tsohuwar ta cinye, don noti ya sami abin kamawa. Kowane bakanike yana da biyu ko uku a gwangwanin madara. Na Injiniya kuwa arba'in ne cif, kwance kan jan ƙyalle, kowanne da ɗakinsa. Kullum da safe sai ya buɗe su a bakin hanya, ya goge ɗaya bayan ɗaya, ya rufe. Shekara guda ba wanda ya ga sun taɓa mota. Kusa da su akwai wani shuɗin gwangwani da yake kira man Jamus, wanda ba a taɓawa, ba a ko shinshinawa.

Kowa a layin ya san yadda ake aikin: a murɗa gaba kaɗan, a dawo baya rabi don garin ƙarfen ya karye ya fito. Injiniya ya ce wannan ƙauyanci ne.

"Wanga gaba-baya da kuke yi rashin tabbas ne," in ji shi. "Wanda ya san lissafinai gaba yake yi. Ni tun da na dawo daga Kaduna hannuna bai koma baya ba."

Daga ranar aka sa masa Injiniya Ba-Baya. Ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka rubuta masa a allon rumfa.

Ana nan sai Rachel ta shigo da tsohuwar Landurobar mahaifinta, marigayi Sajan Philip. Motar ta girme ta. Da ita take kwaso amfanin gonarta daga Mahuta, kuma ita kaɗai ce abin da tsohon ya bari wanda har yanzu yake tari da safe. Ramin notin famfon ruwa ya cinye a jikin injin, ruwa na tsiyaya. Injin irin wannan kuwa, daga nan har Sakkwato ba a samun na canji. In ramin ya ƙarasa lalacewa, motar ta bi mai ita. Rachel ta san haka. Malam Lawwali, dattijon da ya saba duba motar tun Sajan na da rai, shi ta zo nema, amma farar riga ta riga ta tare hanya.

"'Yar Sajan, shigo nan. Motar soja sai hannun mai takarda."

Ya sa ta shiga da motar har ƙuryar rumfa, mai ƙofa ɗaya. Injiniya ya aika a kira jama'a, don bai kamata a yi irin wannan aiki a ɓoye wa na baya ba. Masu faci, masu walda, har mai rake suka taru. Ya buɗe akwati, ya ɗaga taf ɗin da ya fi sheƙi, ya nuna wa gabas da yamma.

Malam Lawwali ya leƙo daga bayan mutane, ya ce a hankali, "Maharazu, motar ga ta Ingila ce. Tiredarta inci ce, taf naka kuwa na milimita ne. Kuma baƙin ƙarfen ga ba ya son mai. A bushe ake yanka shi, in ya matsa a ɗiga kananzir."

"Kun ji ko?" Injiniya ya juya ga taro yana murmushin tausayi. "Kananzir. Fitila munka zo kunnawa? Baba, inci ya tafi da Turawan mulki. Zauna ka ga zamani."

Ya buɗe shuɗin gwangwanin a karon farko a tarihi, ya tuttula a rami har ya yi ambaliya. Rachel ta ɗaga hanci.

"Injiniya, man Jamus ɗin nan ƙamshin ƙosai yake yi."

"Su ma Jamusawa suna cin wake," in ji shi, ya ɗora hannu.

Murɗawar farko ta tafi lafiya, aka yi kabbara a wani gefe, aka ce amin a wani. Ta biyu ta ɗan yi gardama. A ta uku garin ƙarfe ya haɗu da mai ya zama ƙullu, ya toshe haƙoran, taf ya cije. Mai rake ma, da bai taɓa riƙe sifana ba, ya ce a dawo baya. Rachel ta kama gefen mota ta ce, "Don Allah, Injiniya, ka dawo da shi ko rabi." Amma allon yana rataye bisa kansa da sunansa baro-baro, ga ido sun fi talatin. Ya nemo bututun ƙarfe ya ƙara wa mariƙin taf ɗin tsawo, ya tokare ƙafa da taya, ya ja da duk ilimin Kaduna.

Ƙarar ba ta da yawa, ƙas kawai aka ji. Rabin taf na hannunsa, rabin na cikin injin Sajan Philip.

Injiniya ya gyara gilashi, ya duba guntun, ya bayyana wa jama'a cewa ƙarfen motar ne bai yi karatu ba. Rachel ba ta yi ihu ba. Idonta ya kawo ruwa, ta share da bayan hannu, ta dubi Malam Lawwali.

"Baba, za ta tashi?"

"Sai na kwana biyu ina tsinto shi da tsinken ƙarfe da kananzir. In Allah Ya so ramin bai fashe ba, za ta tashi. Amma a kai ta wurina."

Ga ruwan injin an zubar, ga famfo a ƙasa, ba halin tayarwa. Rumfar kuma ƙofarta ɗaya, hancin motar na manne da bango, babu inda mai turi zai tsaya. Sai dai a ja ta daga baya. Rachel ta hau ta kama sitiyari, ta leƙo da kai. A nan muryar Sajan ta fito daga bakinta.

"Kai da ka shigo da ita, kai za ka fitar. Kama bamba."

Ba wanda ya sa hannu. Masu faci suka harɗe hannuwa, masu walda suka dare suka ba da hanya. Injiniya Maharazu ya kama bambar baya da hannu biyu, ya turje, farar riga na shan tsatsa, biro na zuba ɗaya bayan ɗaya. Rumfa goma sha ɗaya ce tsakaninsa da ta Malam Lawwali, kuma duk ya taka su da baya-baya.