Rasuwar Injin Sharata, da Wanda Ya Kashe Shi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya nake sanar da 'yan uwa, da maƙwabtan benenmu, da matan da nake yi wa ɗinki, rasuwar injin sharata, wanda jikokina ke kira Ɗan Toka. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, bayan shekara tara a hannuna. Ba tsufa ne ya kashe shi ba. Mijin 'yata ne.

Ga waɗanda ba su san asalinsa ba: likita ne ya saurari ƙirjina, ya ce ko in bar tsintsiya ko in bar ɗinki, domin ƙurar yadin da nake tayarwa kullum ita ke toshe mini numfashi. Ɗinki ne cina da shana tun rasuwar maigidana, don haka tsintsiyar na bari. Na tafi shagon kayan lantarki da leda cike da guntayen zare da ɗan yashi, da farin ƙyalle a jaka. Mai shago ya jawo wani ja mai fitilu, ya ce shi ake yayi. Na zazzage ledata a kan kafet ɗinsa, na ce ya nuna mini. Jan ya yi ta ihu kamar ana yanka shi, ya bar zaren inda ya same shi. Na biyu ya kwashe zaren, amma da na tara ƙyallen a bayansa sai ya fito baƙi. Abin da ya ci ta gaba yake hurowa ta baya. Na uku wayarsa ko tsakar ɗaki ba ta kai ba.

Marigayi yana can lungu, mummuna, mai nauyi, ba wanda ya kula shi. Da aka kunna shi sai ya ce "huuum" a hankali, ya wuce sau ɗaya, kafet ya fito fes, ƙyallena ya fito fari. Na tambaya ko matatarsa tana wankuwa, ko ana samun kayan gyaransa a gari. Aka ce e. Ranar na kawo shi gida.

Duk wanda ya zauna da shi zai shaide shi da kirki. Bai taɓa ta da jariri daga barci ba. In ya haɗiye allura yakan ce "kas-kas" don in sani. Yana shiga ƙarƙashin keken ɗinki, inda bayana ba ya barina in duƙa. Ƙura kawai yake ci, kuma ya biya da aiki. Akwai masu zuwa gidan nan duk ƙarshen mako su cinye tukunya, su tashi ko kwano ba su kawar ba.

Rashin lafiyarsa ta fara ne ranar da 'yata ta zo aronsa, wai kujerunta za ta share, gobe za ta dawo da shi. Ashe mijinta ne ke gyaran shagonsa na sayar da wayoyi. Magina sun bar masa garin siminti da ruwa a ƙasa, shi kuma ganin kansa yake ya fi ƙarfin tsintsiya. Bayan kwana huɗu ya kawo shi da kansa, an goge shi yana ƙyalli, an naɗe wayarsa tsaf, ya jingine shi bayan ƙofa. Ranar ko zama bai yi ba, mutumin da ba ya jin ƙamshin girki ya wuce.

Da na kunna shi sai ya ce "gurr, gurr", ya yi tari sau biyu, ƙaurin waya ya cika ɗakin, ya yi tsit. Na kai shi wurin mai gyara. Ya buɗe cikinsa, ya daɗe yana kallo, ya ƙwanƙwasa da sukudireba, sannan ya ce, "Mama, wannan ba lalacewa ya yi ba. Gini aka yi masa a ciki."

'Yata ta rantse mini lafiya lau ya bar gidanta. Ni na haife ta, na san yadda take sosa kunne in tana ƙarya. Da na ajiye mata dunƙulen simintin da mai gyara ya ɓalle daga cikinsa a cinya sai ta ce, "Mama, inji ne fa." Na ce e, inji ne, kuma shekara tara shi ke share ɗakin uwarta, ita kuwa tun da ta yi aure ba ta taɓa tambayar wa ke yi ba. Ta yi kuka. Na miƙa mata guntun yadi ta share fuska, na koma kan kekena. Tun ranar na koma tsintsiya, sau biyu numfashina yana sarƙewa, har wata mai ɗinki ta ɗauke yadinta don ta gaji da jira.

Jiya surukin nawa ya zo da madadi a kwali, tare da abokinsa, don a samu mai shaidar alherinsa. Ja ne, mai fitilu. Na watsa zare a ƙasa na ce ya kunna. Ya kai ya kawo har gumi ya jiƙa masa riga, zaren yana nan. Na ce kada ya damu, ba shi ya fara zaɓe da ƙyalli ba, 'yata ma haka ta yi. Abokin ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Na sa suka mayar da abinsu cikin kwali.

Marigayi ya bar bututu ɗaya, da burushi uku, da sabuwar matata da bai samu sawa ba, da kafet ɗin falo wanda tuni ya fara shiga maraici, da ni.

Za a fitar da shi ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga hawa na huɗu zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke ƙarshen layi. Da sauran simintin cikinsa za a ɗauke shi, na hana a fitar. Surukina ne zai rungume shi a ƙirji, a ƙafa, ni ina biye. Ya yarda ne don 'yata ta roƙe shi, kuma don na yi masa alkawari mu biyu ne kawai, ba wanda zai gani. Saboda haka ina roƙon maƙwabta kowa ya zauna a bayan ƙofarsa shiru, kada a buɗe sai an ji ya sauko hawa na uku, inda matakala ta yi ƙunci ba zai iya juyawa ba. Mai waya ya zo da ita a cike da caji.