Nomau da Hoton Baba Cindo

A ƙauyen Rafin Dinya akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ya haura talatin, gida ɗaya suke da wansa Jatau mai hoto. Nomau ba ya iya zama wuri ɗaya, kuma abin da kunnensa ya ji shi hannunsa zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana Jatau yana gyara kyamara, ya ce, "Yau sai an ɗauki hoton Maigari kafin azahar." Bai rufe baki ba Nomau ya fice. Can sai ga shi a guje da ƙaton hoton da ke rataye a zauren Maigari, fadawa biyu na bin sa da sanduna. Ya dire shi gaban wansa yana haki, ya ce, "Yaya, na ɗauko. Da nauyi kuwa."

Wata rana Jatau ya tafi kasuwa, sai ga Iya Tabawa mai ƙosai da hoton sunan jikarta. Ta ce, "Nomau, a wanke mini wannan, guda biyu nake so." Ya nufi bakin rijiya da soso da sabulu, ya dirje shi har fuskoki suka narke cikin zannuwa. Sannan ya yaga shi biyu, ya kai mata. Sati guda gidan Jatau ba su ci ƙosai ba.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da Jatau, ga Baba Cindo, tsohon ɗan kokawa, yana jiran hoto. Ɗansa da ke aiki a kudu ya aiko a tura masa hoto, in ya ga tsohon ya gaza, zai ajiye aikin ya dawo. A baya sau uku Jatau na ɗaukarsa, duk ya ƙi karɓa, wai an mai da shi gawa a kan kujera.

Jatau ya miƙa wa Nomau kyamara, ya ce, "Tsohon nan ba ya zama. Ka riƙa bin sa da kyamara, kana danna nan."

Baba Cindo ya zauna ke nan, akuya ta faɗa masa cikin gonar dawa. Ya zabura da sanda. Nomau ya rufa masa baya, yana tsallake kunya yana dannawa, har su biyun suka ƙare a cikin rafi, kyamara a sama.

Da hotunan suka dawo daga birni, Jatau ya dafe kai. Gonar ta zama kore shafe-shafe, hular tsohon jan zare kawai, ga hannu a sama da sanda, fuskar kuwa dishi-dishi, babu tamoji ko ɗaya.

Baba Cindo ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Yawwa! Wannan ni ne. Haka nake shiga fili. A aika wa yaron nan, ya zauna ya yi aikinsa."

Kafin Juma'a tsofaffi biyar sun zo neman irinsa. Jatau ya gwada, ya sake gwadawa, nasa duk suka fito tar. Ya ja ƙanensa gefe ya ce, "Don Allah, yaya ka yi?"

Nomau ya ce, "Yaya, ai kai ba ka da akuya."