Sakin da Na Yi a Gaban Kamera

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ina so in manta (kuma wallahi ina so), da ranar da na ɗaure ordinatar, wato kwamfuta, a bayan moto tun daga Agiye har Gangara, don kawai in tona wa kaina asiri a gaban surukina. Ba wanda ya aike ni. Ni na kai kaina, da ƙafata da fushina.

Ni malamin lakol ne, makarantar boko, shi ya sa kowa ke kirana Mushe kamar yadda ake kiran malamai a wajenmu, amma tun ina ƙarami fim ke cin raina, har na rantse sai na yi nawa. Labarin wani magidanci ne da ya tafi cin rani ya kulle rumbu, ya dawo ya tarar matarsa Hajara ta ɓalle kwaɗon ta ciyar da yara, shi kuma don baƙin rai ya sake ta. Kayan aikinmu duka kamera ɗaya ce, ta abokina Sani mai ɗaukar biki, sai sandar gora da muka ɗaura wa makirfo. Ni na rubuta, ni ke ba da umarni, ni ne kuma mijin. (Wanda na ba wurin ya wuce Aljeriya ana saura kwana biyu, ko sallama bai yi mani ba. Allah ya isa.)

Sai matsalar macen da za ta fito a Hajara. Gida uku na shiga, gida uku aka kore ni: ba ɗiyar da za ta zauna ɗaki ɗaya da namijin da ba mijinta ba, ko da wasa ne. Nan dabara ta faɗo mani. To ai ina da mata! In Rabi ta fito a Hajara, wa ke da bakin magana? Kwana biyu na yi ina yaba wa kaina wannan wayon.

Rabi ta ce, "Mushe, ni fa ban iya ƙarya da fuska ba."

Na ce ba ƙarya ba ce, sana'a ce. Ta yarda, bisa sharaɗin Gwaggo Tamu, ƙanwar babanta da ke unguwarmu, za ta riƙa zama wurin. Na ce ta zo, ai tabarma ba ta yi kaɗan ba.

Mako uku muna ɗauka lafiya, har muka iso wurin sakin. Tsakiyar bazara ce, ɗakin kwano, mun rufe taga saboda hayaniyar waje, zufa har cikin ido. Maganar da zan faɗa gajera ce: "Hajara, na sake ki, tafi gidanku."

Na faɗa karo na farko, jakin maƙwabci ya fashe da kuka kamar an biya shi. Na ce, "A sake!" Na faɗa karo na biyu, Sani ya leƙo daga bayan kamera ya ce kan gorar ya fito a hoto. Na ce, "A sake!" Raina ya fara ɓaci. Ita kuwa Rabi me za ta yi ban da dariya? Ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

"Mushe, yi haƙuri. Wannan muryar taka ko kaza ba za ta kora daga tsakar gida ba."

Sani ya yi dariya. Gwaggo ma ta yi. Ni da nake tsawa ɗaya aji ya yi tsit, a ce matata ta mai da ni abin dariya gaban mutane, a kan fim ɗina? Na ce a kunna. Na nuna ta da yatsa, na zazzaga mata maganar da dukan ƙarfina. Dariyar ta ɗauke. Ta dube ni, hawaye suka zubo, ta tashi ta fita. Sani ya ce, "Kai, wannan ya yi!" Ni kuwa har ƙirji na buga, wai na fito da gwaninta daga jikin matata.

Gwaggo Tamu ta naɗe tabarmarta, ta ɗaga mani yatsu uku.

"Na ƙirga. Uku ke nan."

"Uku me, Gwaggo?"

"Saki uku, gaban shaidu. Rabi, ɗauko mayafinki."

Na ɗauka tsokana ce. Kafin la'asar sun shiga motar Gangara. Kai mai karatu ka san abin da saki uku ke nufi: Rabi ta haramta gare ni sai ta auri wani. Shekara tara muna tare, ƴaƴa biyu, a ce an raba mu saboda fim ɗin da ko montaj, yanka da haɗa hotuna, ba a yi mashi ba? Ban ji tsoro ba lokacin, fushi na ji. Na zagi jahilci, na zagi jaki, na zagi Sani da gorarsa. Ban zagi kaina ba, don ban ga laifina ba.

Washegari na ɗauki ordinatar, na haɗa da lasifikar da Sani ke kaiwa biki (don kada wani ya ce bai ji ba, ka ji wauta), na kama hanya. Na tarar surukina a zaure da limamin unguwarsu da dattawa huɗu. Gwaggo ta riga ta baza labari, har a bayan danga akwai mata. Na durƙusa na gaisa, gaisuwar da ko ni na san a tsaitsaye take.

Liman mutum ne mai sanyin magana. Ya ce saki ba abin wasa ba ne, amma wanda ke ba da labarin wani, yana kiran sunan matar cikin labarin, wannan ba sakinsa ba ne. In kuwa ya fuskanci matarsa ya kira sunanta, to magana ta canza.

Na ce, "Alhamdu lillahi! Allah gafarta Malam, abin da na zo nunawa ke nan. Hajara na saka, kuma Hajara babu ita a duniya. Yau kowa zai ji da kunnensa." Har na waiwaya na harari ƙofar da Gwaggo ke tsaye.

Na kunna na farko. "Hajara, na sake ki," sai jaki. Dattawa suka murmusa. Na kunna na biyu. "Hajara, na sake ki." Liman ya gyaɗa kai. Na gyara zama, na ƙara murya har ƙarshe, na kunna na uku.

Ga fuskata ta cika allo, ido jawur, jijiyar wuya a tashe. Ga muryata, tas, ba jaki, ba iska, sauti mafi kyau da muka samu a duk fim ɗin:

"Rabi! Na sake ki! Tafi gidanku!"

Rabi. Ba Hajara ba. Rabi.

Wallahi ban san na faɗa ba. Shi kuwa Liman, kunnensa ɗaya ya yi nauyi, sai ya karkato ya ce, "Ɗana, ban ji sosai ba. A sake." Da hannuna na sake kunnawa. Wani dattijo da ya shigo a makare ya ce shi ma bai gani ba. Na sake kunnawa. Sau uku na saki matata da lasifikar biki a zauren ubanta, mata na salati a bayan danga.

Liman ya yanke: biyun farko labari ne, na ukun saki ne, ɗaya ya faɗa. Ina iya mai da ita kafin idda ta cika. Na ce na mai da ita, tun bai rufe baki ba. Surukina ya ce, "Wannan a bakinka yake. Komawa ɗaki kuma sai ka tambaye ta."

Aka bar ni na tsaya bakin ƙofar ɗakin innarta. Na fara bayani, wai kuskuren harshe ne, wai zafi ne, wai gajiya. Ta bari na gama, sannan ta amsa daga ciki, ba tare da ta ɗaga labule ba.

"Mushe, ba sunan ya yi mani ciwo ba. Fuskarka na gani. Ka ce mani sana'a ce, to ni na san fuskarka in kana wasa. Ranar nan ba wasa kake ba."

Na ɗauki ordinatar na kama hanyar Agiye.

Kwana ashirin da uku ina zaryar biko, Agiye zuwa Gangara, har masu shayi na tasha suka san ni. Ta dawo da sharaɗi ɗaya: wurin nan ba zai fita a fim ba, kuma ba za a sake ɗaukarsa ba, ko da wane suna. Na zauna gaban montaj na yanke abin da ya fi komai kyau a aikina, ina yankewa ina cizon yatsa. Da abin da ya rage muka haɗa ƙarshe: mijin ya ga rumbu a buɗe, ya dubi matarsa, ya fita ya zauna gindin iccen bedi, shi ke nan.

Ranar da muka nuna shi a ajin lakol ɗinmu, wani tsoho ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Allah shi maka albarka, Mushe. Ka koya ma maza haƙuri. Da ganin ka, haka kake a gida."

Rabi na tsaye gefena. Ta ce, "Ƙwarai kuwa, Baba. In an gyara shi."

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Mai zuciya irin tawa kada ya rubuta wa kansa wurin fushi a fim, don ba zai tsaya inda takarda ta tsaya ba. Sauran maza na yawo da igiya uku, ni biyu suka rage mani, kuma ni na san wanda ya tsinke ɗayar.